Kafin ka sayi wata manhaja, gyara sunayen fayilolinka

Tambaya: Ina da shagon zane da buga katin biki da kalanda a Kano. Ayyukan shekara huɗu suna kan sabar da nake haya, wato kwamfutar ajiya a intanet, da manhajar FileZilla nake shiga. Idan kwastoma ya dawo neman tsohon aikinsa, sai na sauke fayil goma kafin in dace, data ta ƙare. Wace manhaja zan saya da za ta nuna mini cikin fayil kafin in sauke shi? Ina kuma son in fara sayar da zane-zanen a intanet in riƙa samun dala.

Amsa: Malam, riƙe kuɗinka tukuna. Hanyar FTP, wadda FileZilla ke bi wajen ɗora fayil a sabar da sauke shi, an fara ta tun 1971, kuma ba ta san hoto ba. Sunan fayil da girmansa da kwanan wata kawai take nuna maka. Maɓallin dubawa na FileZilla sai ya sauke fayil ɗin gaba ɗaya cikin wata ma'ajiyar wucin gadi a kwamfutarka kafin ya buɗe shi. Haka sauran manhajoji irinta, WinSCP da Cyberduck. Datar ta riga ta tafi, ko ka ga abin da kake nema ko ba ka gani ba.

Ciwon yana wani wuri. Da sunayen fayilolinka suna magana, ba za ka buɗe goma don neman ɗaya ba. Na tabbata idan na leƙa sabarka zan tarar da "kati", "kati sabo", "kati sabo na ƙarshe", sai tarin lambobin da kyamara ta raɗa. Wane ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari zai jibge dilolin atamfa babu shaida a jiki, sannan ya riƙa farke kowace dila idan mai saye ya zo? Abin da kake yi ke nan shekara huɗu.

Na taɓa zama da wani mai maɗaba'a da wannan sakacin ya ci. Uban amarya ya ɗaga ranar ɗaurin aure, aka gyara katin, aka ajiye shi kusa da tsohon da suna kusan iri ɗaya. Yaron shago ya sauke na farko, aka buga kati 500 da tsohuwar rana. Takarda da tawada suka tafi a banza, ya sake bugawa daga aljihunsa, kuma gidan nan mai 'ya'ya mata da yawa ba su sake taka shagonsa ba. Wannan asarar ta ƙarshe ce ta fi yi mini ciwo, don ita ba ta shiga lissafi.

Ka ware awa ɗaya kullum bayan an tashi. Kowane kwastoma da foldarsa. Kowane fayil ya fara da shekara, wata, rana, sannan sunan mai aiki da irin aikin: 2024-03-15, wane, katin biki, wanda aka amince. Gefen kowane babban zane ka ɗora ƙaramin hotonsa mai suna iri ɗaya. Idan zanen megabayit 200 ne, hoton ba zai wuce kilobayit 200 ba, kashi ɗaya cikin dubu ke nan. Shi za ka buɗe. Fayil goman da ke cin maka gigabayit biyu sun koma abin da ba za ka ji a jikinka ba. Ka kuma sayi littafi ka rubuta wane aiki yake wace folda. In daga baya kana son ganin hotuna kai tsaye, manhajar ajiya ta Nextcloud kyauta ce kuma a kan sabar take haɗa su, amma ita ma shirgin da ka ba ta za ta nuna maka.

Maganar dala kuwa, bar ta. Zane-zanen nan ɗauke suke da sunaye da hotunan mutanen da suka ba ka amana, ba naka ba ne da za ka kai kasuwa. Kuma wanda ke ɓata rabin awa kafin ya gano aikin maƙwabcinsa bai shirya wa mai saye daga ƙetare ba. Ka fara da ayyukan bana, don su ne masu su za su fi saurin dawowa nema.