Amsa ga mai tambayar nisan Kumasi da Accra, ta sama da ta ƙasa

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kin ce za ki raka Hajiyarku biki daga Aboabo a Kumasi zuwa Nima a Accra, kina son sanin nisan tafiyar ta jirgi da ta mota, da wadda ta fi dacewa da tsohuwa mai ciwon gwiwa. Fatauci ya sa na daɗe ina bin hanyar nan, to ga abin da na sani.

A miƙe ta sama, tsakanin garuruwan biyu kimanin kilomita 200 ne, ta kwalta kuwa wajen 250. Kin ga ratar ba ta taka kara ta karya ba. Sai dai a hanyar nan awoyi ake ƙirgawa. Jirgi minti 40 zuwa 45 yake yi a sama. Mota, in an taki sa'a, awa 5. Ranar da hanya ta ƙi, in kun isa cikin 7 ma sai hamdala.

Daga tashar motar Asafo a Kumasi za ku bi Ejisu, Konongo, Nkawkaw, Suhum, sannan Nsawam. Wurare da yawa titin falle ɗaya ne, ga tireloli masu zirga-zirga tsakanin tashar jiragen ruwa ta Tema da Burkina Faso, Mali da Nijar. Ku shiga bayan guda a kan hawa, sai dai haƙuri, don direban da ya ce zai wuce ta da garaje da ranku yake wasa. Amma babbar wahalar tana bakin Accra, daga Nsawam zuwa Ofankor. Gadar Pokuase da aka buɗe a 2021 ta rage wani abu, duk da haka in kuka iso da yamma, ɗan guntun nan kaɗai yana iya cin awa biyu. Ƙafar Hajiya a nan za ta kumbura.

Mu 'yan zango akwai gatan da ba kowa ke lura da shi ba. Filin jirgin Prempeh I kusan a bayan gidanku yake, haka shi ma na Accra ba shi da nisa da Nima da Mamobi. Ko kin haɗa da awa ɗayar da za ku je da wuri don a tantance ku, cikin awa 3 kun bar ƙofar gida kun shiga gidan biki. Africa World Airlines da PassionAir ne ke wannan jigila. Ki riƙe Ghana Card ɗinku, wato katin shaidar ɗan ƙasa, ki sayi tikiti da wuri kafin kuɗin ya hau, kuma tun wajen saye ki ce kuna buƙatar keken da za a tura Hajiya a kai. Idan bikin ya faɗo Disamba ko Janairu, ku tafi ana jibi, domin hazon hunturu kan hana jirgi tashi.

Matsalar jirgi ita ce kaya. Na san mu da biki, goro ne, doya ce, atamfofi da kwanuka, abin da ya haura nauyin da aka yanka kuwa sai an biya. Ni dai shawarata, ku sa wani ƙaninki ya bi bas ɗin VIP ko STC da kayan, ke da Hajiya ku bi ta sama.

In aljihu bai kai ba, ku shiga motar asuba, ki nema mata kujerar gaba-gaba, kuma da an tsaya hutawa wajen Bunso ki sauko da ita ta ɗan tattaka, ta yi alwala. Allah ya kai ku lafiya, a gaida Hajiya.