Amsa ga ƙanenmu mai baƙar Corolla da ake tarewa kullum

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanena, tun da na karanta tambayarka raina yake a ɓace, don abin da ka faɗa na san shi ciki da waje. Ka ce kana aikin Bolt, tasin da ake kira ta waya, da baƙar Corolla mai duhun gilashi, takardunka cikakku ne, amma daga Aboabo zuwa Ejisu ba shingen 'yan sandan da za ka wuce ba a ce ka faka gefe ba, alhali na gabanka ɗaga musu hannu ake yi. Kana tambaya ko ka sayar da motar, ko ka rage gemu ka daina sa hula in za ka fita aiki.

Kada ka sayar, kada ka taɓa gemunka. Gaskiya ne mota tana da nata rabon. Baƙar Corolla ko Camry mai duhun gilashi, mota mai lambar DV ta wucin gadi, babur da samari biyu a kai da dare, duk waɗannan tun daga nesa ake sa musu ido. Amma in an haska maka tocila, fuskarka ce ke ƙarasa maganar. Na san yara a Sawaba da suka sauya mota suka ci asara, har yau ana tare su.

Ni mahaifiyata Bafulatana ce, farinta na ɗauko da hancinta. A Asawase aka haife ni, mahaifina ma a nan Kumasi aka yanke masa cibiya. Kayan mota nake sayarwa a Suame Magazine. Motata a hannun wani mutumin Tamale na saya, don haka lambarta NR ce, ta yankin Arewa. Wani dare muna dawowa daga ta'aziyya a Techiman, da ni da uwargida da ɗanmu, lokacin yana firamare, muka iso wani shinge. Motoci biyu suka wuce a gabana ba wanda ya kula su. Da aka haska lambata, aka haska fuskata, sai na ji ana buga mini bonet da hannu.

Yaron da ya tsaya a kaina na girme shi nesa ba kusa ba. Bai tambayi lasisi ba, bai dubi inshora ba. Abin da ya fara cewa da Tonanci, wato yaren Asante, shi ne, ina na bar shanuna. Na ba shi amsa da Tonancin da ya fi nasa tsabta, na ce daga gaisuwar mutuwa nake, gida zan koma Asawase. Ya ce ba inda nake kwana yake tambaya ba, ainihin ƙasata yake nufi. Na miƙa masa Ghana Card, ya juya shi gaba da baya, ya ce irinmu sayen katin muke yi. Wallahi har gobe ina jin muryarsa. Ya sa na buɗe but, ya watsar da kayanmu a bakin titi, har kular abincin da mutanen gidan rasuwa suka zubo mana sai da ya kwance. Ya zazzage jakar matata, matar da ko ƙannena ba su taɓa sa hannu a jakarta ba. Da ya ga kuɗin cinikin shago a aljihuna da sifanoni a but, sai ya ɗaga murya yana kiran abokansa wai ya kama ɗaya daga cikin masu tare hanya. Ya ce in cire hula in zauna a ƙasa. Na zauna. Kan bindiga yana kusa da kunnena, uwargida tana kuka tana roƙonsa, motoci suna wucewa fasinjoji suna leƙo ni. A daidai lokacin wata V8, irin motar manya, ta zo da gudu, ko rage tafiya ba ta yi ba, shi wannan yaron da kansa ya ja ƙarfen shingen ya sara mata. Sai da wani dattijo a cikinsu ya fito daga rumfa, ya karɓi takarduna ya duba, ya ce a bar ni in tafi. Allah ya saka wa wannan bawan da alheri. Shi kuwa yaron ko haƙuri bai ba ni ba, dariya yake yi lokacin da nake tsintar kayana a ƙura. Mun kusa shiga gari ɗana ya ce, "Baba, me ka sata?" Ban yafe wa wannan ɗan sandan ba, kuma ban ɓoye wa kowa ba.

Abin da ya sa na zauna a ƙasa ban yi musu ba, kun sani. Manso Nkwanta, Yulin 2018. Mutum 7 'yan zangonmu aka harbe aka ce 'yan fashi ne. Kwamitin da gwamnati ta kafa ya ce babu hujjar cewa 'yan fashi ne, aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida sidi 250,000. Wace uwa ce wannan kuɗin ya mayar wa ɗanta? Shi ya sa nake roƙonka don girman Allah, da dare kada ka yi gardama a bakin hanya, ko da kai ke da gaskiya. Kashe mota, kunna fitilar ciki, hannayenka a kan sitiyari. In za ka ɗauko takarda, faɗa da baki tukuna. In sun ce za su bincika but, fito ka tsaya kana kallon hannunsu, kada ka yarda a sa hannu a motarka kana kallon wani wuri. Tunda Bolt kake yi, ka riƙa lura da kayan fasinjan dare ma, don abin da aka samu a mota a wuyan direba yake fara sauka.

Amma shiru a hanya ba ya nufin ka haɗiye. Riƙe sunan da ke ƙirjinsa, riƙe lambar motarsu mai GP, da wurin da lokacin. Da gari ya waye sai ka kai ƙara PPSB, sashen da ke duba halayen 'yan sanda, ko ofishin CHRAJ, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam. Kada ka je kai kaɗai, ɗauki limaminku ko asambilimanku, wato kansilan unguwarku, ko wani daga fadar Sarkin Zango. Sashe na 17 na kundin tsarin mulkin 1992 ya hana a bambanta mutum saboda ƙabilarsa ko addininsa ko launinsa. Sashe na 14 ya ce in an kama ka dole a gaya maka dalili da harshen da kake ji, kuma cikin awa 48 ko a kai ka kotu ko a sake ka. Beli a caji ofis kyauta ne, ko da wani ya ce maka ba haka ba. In ka manta lasisi a gida, dokar hanya ta L.I. 2180 ta 2012 ta ba da damar a ce ka kawo shi cikin awa 24. Wannan ka sani a ranka, ba don ka karanta wa mai bindiga a daji ba.

Wani abu kuma da ke ci mini rai, duk da ba shi ka tambaya ba. 'Ya'yanmu ƙalilan da ke fizgen waya a kan babur, da 'yan siyasar da ke kwasar samarin zango lokacin zaɓe su mai da su 'yan daba, su ne ke ba waɗannan mutane abin fakewa. Bayan rikicin zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon a 2019 an yi dokar hana ƙungiyoyin 'yan banga, amma manyan da ke aika yaran suna gidajensu lafiya, kai mai neman halak ɗinka ake saukewa daga mota. Iyaye mu tsawata wa yaranmu. Duk da haka laifin wani bai halatta a wulaƙanta ka ba, don ɓarayi suna cikin kowace ƙabila a garin nan, ba a zaunar da iyayensu a ƙasa.

Kuɗin ruwa kuwa, wato na goron da suke nema a shinge, in takardunka sun cika kada ka saba ba su da rana, don da zarar sun gane motarka mai bayarwa ce, kullum sai ka tsaya. Ka toshe duk wata kafa: rodwodi (takardar lafiyar mota), abin kashe gobara, alwatikan gargaɗi, fitilun baya. Danna *920*57# ka tabbatar inshorarka tana cikin rajista, don akwai ta jabu a gari. Duhun gilashin gaba kuma shi kaɗai ne zan ce ka rabu da shi, don a nan suna da abin kama ka. Kawo motar Magazine ranar Asabar, ka yi mini magana ta sirri in za ka taso, akwai yarona da zai ɓare maka shi ba sai ka biya ba.