Amsa ga 'yar'uwar da ta koma sauraren littattafai a waya

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ba ki lafiyar idon nan, ya sa kaffara ne. Tun da hantsi na ga tambayarki, ɗinkin biki ne ya riƙe ni sai yanzu. Kin ce likita ya hana ki daɗewa kina kallon waya, shi ya sa kika koma sauraren littattafai, amma duk wanda kika kunna ba kya kaiwa rabi sai ki kashe. Kina son sanin laifin wa ne, marubuci ko mai karatu, da kuma yadda za ki gane na ƙwarai kafin datarki ta ƙone a banza.

Ni tela ce, kuma shekara takwas ke nan ƙafata na kan keke kunnena na kan littafi. Kafin nan kuma na yi shekara uku ina yi wa Innarmu karatu da bakina, lokacin da yanar ido ta rufe mata gani, Allah ya jiƙanta. Don haka na zauna a kujerar mai saurare, na kuma zauna a ta mai karantawa. Abin da na fahimta shi ne, yawancin abin da ke korar mutum daga littafin saurare abu guda ne: mai karatun bai taɓa karanta shafin ba sai lokacin da ya danna naɗin murya. Shi da ke tare kuke ganin labarin karo na farko.

Wannan matsala ta fi yi wa Hausa illa, saboda yadda rubutun bokonmu yake. Ba ma nuna karin sauti a rubuce, ba ma nuna tsawon wasali. Haruffa huɗu ne "gari", amma garin da ake zama daban, garin tuwo daban. Haka wuya ta wahala da wuyan jiki, haka kukan hawaye da kukar miya, haka fara mai tashi da fara ta launi da fara aiki. Ido ba ruwansa, yana wucewa gaba ya gano ma'ana ya gyara a zuci ba wanda ya ji. Baki kuwa dole ya zaɓi ɗaya nan take, in ya zaɓi kuskure ya riga ya fita.

Ba na manta wani dare ina yi wa Inna karatu a tsakar gida, tana kishingiɗe a tabarma tana jan carbi a hankali. Na zo kan jimlar da ta ce "Bara ta tafi Kano". Ban duba gaba ba, na furta ta da sautin barar almajirai. Sai na ji carbin ya tsaya. Ta ce, "Ke dakata. 'Yar attajiri guda, gatanta ya ishe ta, me ya kai ta bara?" Na koma na duba, ashe shekarar da ta wuce ake nufi. Tun daga ranar, kafin in zauna gabanta sai na bi shafukan da ido tukuna bayan la'asar. Ita da kanta ta ce karatuna ya canja, alhali muryar ita ce dai ta jiya.

Akwai wanda ya fi wannan ɓoyewa. Ki ɗauki "Ya ce ya zo". In aka ja "ya" ta biyu da murya sama, mutumin ya riga ya iso. In aka gajarta ta aka sauke murya, umarni aka ba shi, ƙila ma bai taso ba. Labari sukutum yana iya juyewa a kan wannan ɗan sautin. Mai karatun da bai san abin da ke gaba ba caca yake yi a kowane layi. Ga kuma littattafan da aka buga a waya ba ƙugiya, inda ƙarya ta koma karya, ƙasa ta koma kasa. Ɗan'adam mai natsuwa yana gyara wannan da kansa. Muryar inji, wadda ta fara yawa yanzu, ba ta iyawa. Wadda na ji ta fi kowace santsi ma ba ta kai minti uku ba ta tuntsura a kan karin sauti. Ni dai da na ji ta nake ficewa.

To ga yadda nake gwaji. Ina sauraren minti goma na farko, sannan in tsallaka can tsakiya, kashi na ashirin ko na talatin, in ƙara minti biyar. Kowa yana ƙoƙari a kashi na ɗaya, don shi ne tallarsa. A tsakiya ake ganin gaskiyar mutum. In kin ji yana tuntuɓe yana cewa "au, afuwan" yana komawa farkon jimla, ko ya ɗaga murya kamar tambaya alhali zance ne, ko ya karanta maganar uwa da zafin kishiya sai daga baya ya gane wa ke magana, ki rufe kawai. Ba zai gyaru a gaba ba.

Sai batun kwaikwayon murya, inda na san wasu a zauren nan ba za su yarda da ni ba. Mutane da yawa suna auna gwanintar mai karatu da yawan muryoyin da yake iya fitarwa. Ni ban ga haka ba. Namiji ya maƙale maƙogwaro wai shi budurwa, ko mace ta kumbura murya wai ita Alhaji, minti biyar yana da daɗi, amma awa ashirin azaba ce. Kuma yana mai da abin tausayi abin dariya. Ki tuna kakanninmu da tatsuniya. Daga "ga ta nan ga ta nanku" har zuwa "ƙurunƙus", Gizo kaɗai suke yi wa tsamin baki, sai waƙar da ke ciki su rera ta. Sauran duk da muryarsu suke yi, amma ba mu taɓa rikita Ƙoƙi da Kura ba. Saurin magana suke canjawa, da nauyinta, da wurin jan numfashi. Tsoho ya yi magana a hankali, mai fushi ya datse kalmomi, mai jin kunya ya bar jimla a rataye. Wannan ya isa.

Mafi gwanintar da na taɓa ji ma shiru ne. Wata baiwar Allah ce ke karanta wani labari, an zo inda miji ya miƙo wa matarsa takarda a ninke bayan shekaru da aure. Ta karanta, "Ta buɗe." Sai ta yi shiru. Bai fi numfashi uku ba, amma wallahi sai na tarar ƙafata ta sauka daga kan keke, allura na cikin atamfa, yarinyar da ke koyon ɗinki wurina ta ɗago kai riƙe da almakashi. Sannan ta ci gaba da murya ƙasa-ƙasa, ba kukan ƙarya, ba shessheƙa. Daga baya na ci karo da wani ya karanta wannan littafin, ya wuce wurin a guje kamar mai sanarwar ɗaurin aure. Rubutu ɗaya, amma na biyun bai taɓa ni ko kaɗan ba.

Abubuwa uku kuma suna ɓata min rai. Kiɗan sarewa irin na finafinan Indiya da ake sawa a ƙarƙashi har ya danne magana, ga shi ɗan guntu ne yana ta zagayowa. Sai mai karatun da ke tsoma baki a tsakiyar labari: "Kai jama'a, kun ga muguwar mata!" Na san akwai masu jin daɗin wannan, suna cewa kamar hira ake yi da su. Ni kuwa ji nake an ƙwace min hukuncina. In yana da sharhi ya bari ƙarshen kashi, zan saurara da zuciya ɗaya. Haka nan wanda zai ga marubuciya ta sa wa tsohuwa Basakkwaciya "mi kake so" da "shina nan", shi kuma ya mai da su Kananci wai gyara yake yi. Da gangan aka sa su, ta nan ake jin tsohuwar.

Amma kada mu ɗora wa masu karatu komai, don kunne yana tona asirin marubuci fiye da ido. Lokacin da kike karantawa da kanki, ba ki san yawan abin da kike tsallakewa ba. Shafi uku na lissafin kayan lefe, akwati nawa, leshi kala nawa, kalar labulen falo da sunan mota, yatsa ɗaya kike sawa ki wuce. A kunne kuwa sai kin zauna an karanto miki su ɗaya bayan ɗaya. Yawancin littattafan yanzu kullum ake rubuta su shafi-shafi ana turawa a WhatsApp ko Wattpad, don haka marubuciya takan maimaita abin da ya faru jiya, ta kuma ja labarin don kada masu bibiya su watse. Mai jiran shafin gobe ba ya jin nauyin wannan. Wadda ta haɗa su ta saurara a jere ita ke ɗaukar kayan.

Ga kuma al'adar nan ta "Wane ne Alhaji wane?" Labari ya ɗauko zafi, sai a tsaya cak a koma kan kakansa, matansa huɗu, 'ya'yan kowace ɗaki da sunayensu. A takarda kina iya komawa baya ki duba wace ce 'yar wa. A kunne sunaye goma sha biyar a jere ruwa ne a kwando. In aka ƙara da yarinya ɗaya mai suna uku, na yanka da na gida da wanda saurayi ke kiranta, to ko mai karatun ya kai wa ya kai sai kin ɓace.

Yadda nake raba laifin shi ne, in na gaji da littafi sai in kashe, in ba yaran shagona labarin da bakina daga farko zuwa inda na tsaya. In na ga sun matso suna tambaya "sai aka yi yaya?", labarin na da rai, mai karatu ne ya kashe shi, sai in nemi wani ya karanta min. In kuwa cikin minti biyu na gama ba su abin da na saurara awa shida, na san ba komai a ciki sai ado. Ki gwada da duk wanda ke kusa da ke a gida.

Tunda yanzu kike sabawa, shawarata kada ki fara da masu kashi ɗari. Kunne ma sai an koya masa zama. Ki fara da gajerun labarai da ke ƙarewa a zama ɗaya. Labaran gasar Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 suna da kyau wajen wannan, don an ƙayyade musu tsawo, ba wurin ja. Sannan ki nemi tsofaffin littattafanmu. Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda ya fara fitowa a 1937, dama can a kan baka aka gina shi: aku ne ke ba Musa ɗan sarki labari don ya riƙe shi kada ya fita. Littafin da aka tsara a kan mai magana da mai saurare ba ya wahalar da kunne, kowane labari da kansa da gindinsa. Shi na fi yi wa Inna, kuma shi ne wanda ba ta taɓa yin barci a kansa ba.

Na lura da inda kika ce kina jin kamar kin daina karatu, kamar saurare ragwanci ne. Ki cire wannan a ranki, 'yar'uwa. Asalin littafin saurare ma don masu larurar ido aka fara shi, a Amurka da Ingila cikin shekarun 1930, a kan faifan garmaho. A Ingila har da sojojin da suka rasa idanunsu a Yaƙin Duniya na Ɗaya aka yi wa tanadin. Mu kuwa da kunne muka fara sanin labari tun kafin mu san biro, kuma gidajen rediyonmu sun daɗe suna karanta littattafai mata na aiki suna ji.

Abu ɗaya nake roƙonki ki duba, shi ne ko mai karatun ya nemi izinin mai littafi. Mun sha ganin marubuta a zauren nan suna kukan an ɗauki littafin da suka yi wata da watanni suna rubutawa an sa a YouTube, wani na cin kuɗin talla, su ko sunansu ba a ambata ba. Masu amana sukan faɗa tun a farko cewa da yardar marubuci suke karantawa. Su nake bi, kuma na lura galibi su ne masu yin shiri kafin naɗi, don sun san mai abu na saurare.

Ki riƙa saukewa da datar dare ki ajiye, ya fi sauƙi a kan kunnawa kai tsaye. Kada ki ƙure ƙarar abin kunne, ido na jinya kada a jawo wa kunne nasa. In kina ɗaki ke kaɗai ma ki bar wayar ta yi magana a fili. Maɓallin ƙara sauri kuma ki yi hankali da shi, ɗan kaɗan ba laifi ga mai jan magana, amma in ya yi yawa yana cinye tsawon wasali, sai "ya zo" ɗin nan biyu su koma ɗaya. Da dare ki sa wa kanki iyaka kashi biyu, don in barci ya ɗauke ki wayar za ta yi ta tafiya, da safe ki rasa inda kika tsaya.

In kin gwada na tsakiyar nan da na ce, ki dawo ki faɗa min abin da kika ji, da irin labarin da kika fi so, na gidan sarauta ko na zaman aure ko na bincike, sai in duba cikin waɗanda na ajiye in turo miki ta akwatin sirri. Ki ci gaba da sa maganin a kan lokaci. A gaida mutan gida.