Filin Tambayoyinku: Kiɗan Turawa ya tuno mani da bayan Ƙofar Marusa

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Dan Allah wani abu ne ya tsaya mani a rai. Ƙanena da ke karatu a waje ya turo mani wani albam ta WhatsApp sunanshi The Suburbs na wasu Turawa wai su Arcade Fire, ya ce Yaya saurara za ka tuna gida. Ni turancina ba wani mai ƙarfi ba ne kuma kiɗan duk gita ce da ganga da fiyano, amma wallahi ranar da na kunna shi a shago da daddare sai ga hawaye, ba abin da nake gani sai filin da muke langa da ƙwallon tsumma a bayan Ƙofar Marusa wanda yanzu duk ya zama gidaje da shaguna. Su waye mutanen nan, me suke cewa, kuma ni me ya haɗa ni da su?
Daga mai karatu, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa, ƙanen naka ya san abin da ya turo maka. Arcade Fire mawaƙa ne da ke zaune a birnin Montiriyal na Kanada, wannan kuma shi ne albam ɗinsu na uku, ya fito a watan Agustan 2010 da waƙoƙi 16. Irin kiɗansu ake kira indie rock, wato na waɗanda suka taso ta hannun ƙananan kamfanonin faifai masu cin gashin kansu, su kamfanin da ke fitar musu da faifai a lokacin sunanshi Merge. Shi ya sa a Fabrairun 2011 da aka ba su kyautar Grammy ta albam ɗin shekara a gaban su Eminem da Lady Gaga da Katy Perry mutane da yawa a Amurka suka cika intanet da tambayar da ka yi, wai su waye waɗannan. A shekarar dai sun ci kyaututtukan waƙa na Juno da Polaris a Kanada da Brit a Ingila.

Amma ba kyauta ce ta sa ka hawaye ba, bari mu zo kan maganar.

Jagoran mawaƙan Win Butler da ƙanenshi Will a jihar Teksas suka girma, a wata unguwa The Woodlands a arewa da birnin Huston, wadda aka buɗe a 1974 bayan an zana ta tsaf a takarda, gidaje reras kamar an buga da inji. Irin wannan unguwa ta bayan gari ita ce ma'anar sunan albam ɗin. Abin da suke faɗa kuwa shi ne yaro ya taso yana yawo a keke da abokai, ya koyi tuƙi, yana jin unguwar ta ishe shi yana Alla-Alla ya bar ta, to ya bar ta ɗin, sai ya dawo bayan shekaru ya tarar titin na nan gidan na nan amma abokan kowa ya kama gabanshi, wani ma kun haɗu amma hirar ta ƙi tafiya. A waƙar farko har yana cewa yana son ya samu ɗiya tun da sauran ƙuruciyarshi don ya nuna mata ɗan abin da ya rage mai kyau kafin a gama lalata shi, ni nan ne yake taɓa ni don nima ina da ɗiya kuma na taɓa kai ta inda muke tsintar magarya na rasa abin da zan nuna mata sai katanga da get.

Akwai We Used to Wait, ita kan wasiƙa take, lokacin da za ka rubuta ka zauna jiran amsa sati biyu uku. Duk wanda ya yi makarantar kwana ya ba direban motar garinsu takarda ya kai gida, ko ya kasa kunne a rediyo yana jiran a karanto katinshi a Zaɓi Sonka, ya san wannan jiran da daɗin da ke cikinshi. Sai Sprawl II wadda Régine Chassagne ta rera, ita iyayenta daga Haiti suka yi hijira zuwa Kanada, tana kukan yadda gine-gine da manyan kantuna ke ta miƙewa har ba ka ganin ƙarshensu.

Sai dai akwai inda muka bambanta da su kuma ina so ka lura. Su ’ya’yan sabuwar unguwar ne, a cikinta aka raine su, ita suke kewa. Mu kuwa sabuwar unguwar ce ta cinye mana wurin wasa. Tun da aka yi jihar Katsina a 1987 garin ke ta fita daga ganuwa, gonakin gero suka zama fuloti, kududdufai aka cike su, ganuwar ma a wurare da yawa sai dai dattijo ya nuna maka da sanda ya ce nan ta bi. Wato mu da su kamar mutum biyu ne a gefe biyu na katanga ɗaya, kuma yaran da ke tasowa yanzu a rukunin gidaje na Barhim ko Goruba su ne za su fi mu gane albam ɗin nan idan sun girma, don abin da muke kira gidajen da suka ɓata mana fili su shi ne gidansu.

Shawarata ka nemi kalmomin a rubuce a Google ka riƙa bi waƙa ɗaya-ɗaya, kada ka tsallake, a jere aka tsara su kuma ta ƙarshe tana komawa kan amon ta farko. In ƙanen naka ya zo hutu ku hau mashin ku je bayan Ƙofar Marusa ɗin, ka nuna mashi daidai inda kuke kafa duwatsun gola, ka kira ko mutum biyu cikin waɗanda kuka yi langar nan tare in kana da lambarsu.