Baffa, Ga Dalilin da Nake Tambayar Ruwa Tun Daga Kano

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya. Shekaranjiya a zaurenka na Yakasai ka ji ina waya da Amurka, ka ce tunda kake ba ka taɓa ganin mutumin da zai tsallako teku ya zo gida, maimakon ya tambayi lafiyar jama'a ya ɓige da "ina ruwan ya kai?" ba. Aka kwashe da dariya, kafin in buɗe baki ladan ya kira magariba. To ga amsar a rubuce, a sa ɗaya daga cikin jikokinka ya karanta maka.

Abin da ka kira kududdufi, wato wurin iyo na cikin gida, mu a can ful muke ce masa, amma bari in ce tafki don kada ka ce na zama Bature. Ba ni na haƙa shi ba. A Hiyustan ta jihar Tekzas gidaje da dama haka ake sayensu da tafki a baya, kamar yadda a da mutum zai sayi gida a cikin birni ya tarar da rijiya a tsakar gida. Nawa tsawonsa mita 8, faɗinsa 4, zurfinsa in an daidaita mita ɗaya da rabi, wato lita 48,000. A lissafin 'yan garuwa jarka 1,920 ke nan. Na san a nan za ka yi salati. Sai dai ba baho ba ne da ake cikawa a yi wanka a kwarar. Ruwan shekaru yake yi a ciki: inji ya zuƙo shi, ya bi ta matacin ruwa, a sa masa kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, ya koma inda ya fito. Kullum haka yake zagayawa.

Duk maganar tana kan wata 'yar taga ce a jikin bangon tafkin, daga sama, wadda ba ta wuce tafin hannu a tsaye ba. Ta nan injin yake shan ruwa, ta nan kuma ganye da ƙura da matattun ƙwari da ke yawo a sama suke faɗawa cikin wani ɗan kwando. Ƙa'ida ita ce ruwa ya tsaya daidai tsakiyar bakin tagar. In ya sauka ƙasa da bakin, sai injin ya fara zuƙar iska, ka ji yana ƙwaƙwat-ƙwaƙwat kamar yaro ya ƙarar da lemo yana ta jan tsinke. Shi kuwa da ruwan yake sanyaya cikinsa, in ya yi ta juyawa a bushe sai ya ɗau zafi, robobinsa su narke, ya ƙone. In kuma ruwan ya haura ya rufe bakin ruf, injin lafiyarsa ƙalau, amma dattin saman ba shi da hanyar shiga, sai ya yi ta shawagi har ya jiƙe ya nutse. Daga tsakiyar zuwa wannan ko wancan bai fi faɗin yatsa uku ba. Kan yatsa ukun nan nake ƙona katin waya.

Wa ke shan ruwan? Rana da iska. A lokacin zafi tafki kan rasa kusan kwatan inci a yini. Da ido ba komai ba ne, amma a faɗin nawa ya kusa lita 200, duro guda cur kullum. Ga wanda yara ke fantsalarwa, ga wanda ke tafiya in an wanke matacin. In ba a yi ruwan sama ba, cikin kwana goma zuwa sha biyu ya bar bakin tagar.

Da kuɗina na sayi wannan karatun. Shekarar da muka tare, na zo nan Babbar Sallah, na yi sati uku ina cin nama hankali kwance. Na koma na tarar da inji ya ƙone, ruwa ya zama kore shar, gansakuka ta kama bango, 'ya'yan sauro na rawa a ciki. Ga takarda a ƙofa daga ƙungiyar masu gidajen unguwa, wai an kai ƙarata. Ban ga laifinsu ba, domin sauron can yana ɗauke da nasa zazzaɓin, kuma tafki ɗaya da aka yi wa sakaci ya ishi layi guda. Kuɗin da na kashe a gyara ya isa a yi wa zauren nan naka sabon rufi har a sami canji.

Daga baya na gane ba ni kaɗai abin ya taɓa ci ba. Mu Hausawan can ba mu da yawa, kuma kusan kowa yana son zuwa gida a lokacin zafin can, lokacin da yara ke dogon hutu, wato daidai lokacin da rana ta fi shan ruwa. Shi ya sa muka mayar da shi al'ada: mai tafiya gida ba ya tashi sai ya danƙa mukullin ƙofar baya a hannun ɗan'uwa, kamar yadda a nan mai tafiya Hajji yake barin awakinsa a hannun maƙwabci. Duk kwana biyu ko uku a leƙa, a zazzage kwando, in ruwa ya yi ƙasa a jefa tiyo. Ba a biya, kuma abin kunya ne a ce a hannunka injin wani ya ƙone. Wanda ka ji ina magana da shi wani Bazazzage ne, direban babbar mota. Bara da ya tafi Zariya ni na riƙe masa nasa. Kuma wallahi na fara tambayar iyalinsa, ƙarshen maganar kawai ka tsinta.

Jefa tiyon ma da nasa tarkon. Ƙara inci ɗaya yakan ɗauki lokaci, mutum ya ce bari in shiga in yi la'asar, shi ke nan. Na taɓa kwana da famfo a buɗe, da asuba ruwa ya malale har gonar furannin maƙwabciyata, wata tsohuwar Baturiya da ba ta da wasa. Tun daga ranar, in na buɗe famfo sai in rataye mukullin motata a kansa. Ba inda zan je ban rufe ba. Wasu suna sa na'ura mai ƙwallo, irin wadda ke tsayar da ruwa in tankin sama ya cika, ta riƙa ƙarawa da kanta. Ni ban yarda da ita sosai ba, don in tafki na yoyo sai ta rufa masa asiri, ba za ka sani ba sai takardar kuɗin ruwa ta zo.

Gane yoyo kuwa da bokiti ake yi. A ɗora shi a matakalar tafkin, a sa dutse a ciki kada ya kife, a zuba ruwa har ya yi daidai da na waje, a yi alama ciki da baya. Gobe war haka a duba. In sun sauka tare, rana ce. In na tafkin ya fi sauka, akwai ɓaraka, sai a kira mai gyara.

Wani lokacin kuma yawa ne matsalar. A watan Agustan 2017 guguwar Harvey ta zubar da ruwan da ya haura inci 40 a wurare da dama cikin kwana huɗu. Ko ruwan da bai kai wannan ba yakan cika tafki ya tsinka kulorin, sai an rage an sake auna magani. Amma ba a kwashe shi ƙaf, musamman in ƙasa ta sha ruwa: nauyin ruwan ne ke danne ginin, in ka ƙwaƙule shi ruwan ƙarƙashin ƙasa yana iya turo shi sama ya tsattsage.

Saura maganar almubazzaranci da na ga tana cin ka. Ban kore ta ba. Duk sanda na tuna duro guda a yini, sai in tuna kurar 'yan garuwa da ke hawa layinmu tun asuba. Shi ya sa nake rufe shi da tamfol ɗinsa in ba a amfani da shi, wanda ke rage shan rana ƙwarai. Kuma ba na gidana kaɗai ba ne. Ran Asabar mata da 'yanmata na gidaje biyar ko shida suke haɗuwa, mu maza mu bar musu gidan, don ba za su shiga na jama'a ba. Yaranmu duk a ciki suka koyi iyo, ƙofar shingen kuwa da kanta take rufewa, haka doka ta ce.

Na ji ɗan Yaya yana son haƙa irinsa a sabon gidansa na Nassarawa. Ka ce ya fara auna abin da burtsatsensa ke bayarwa a watan Afrilu, don busasshiyar iskar hunturu da zafin bazarar Kano sun fi na Hiyustan ƙishirwa, ga ƙura, ga wuta da sai ta ga dama.

Bazazzagen ya turo hoto ɗazu. An yi ruwa daren jiya, ya ɗan haura tsakiya, ya ce zai rage in ya dawo daga aiki. Gobe in na zo gaisuwa zan nuna maka tagar.