Janar Domkat Bali, Sojan Igwa Daga Langtang

Tambaya: Malam, kakana tsohon soja ne, kullum sai ya ambaci Janar Domkat Bali. Wane ne shi? Daga wata ɗaliba a Jos.

Amsa: 'Yata, kakanki ya san mutumin kirki. An haifi Domkat Bali a Langtang, Jihar Filato, a 1940. Ya yi horon hafsa a Sandhurst ta Ingila, ya shiga ɓangaren atilare, wato masu harba igwa. Aikin lissafi ne zalla: mai igwa sau da yawa ba ya ganin abin da yake hari, wani ne can gaba yake aiko masa da nisa da kusurwa ta rediyo, kuskure kaɗan harsashi ya faɗa kan 'yan'uwa.

Ya yi yaƙin basasa, ya zama Ministan Tsaro daga 1984, zamanin Buhari da na Babangida. Ban manta Maris ɗin 1986 ba, muna kewaye da talabijin, ya sanar da an harbe Mamman Vatsa, janar ɗin sojan da aka zarga da shirya juyin mulki. Falon ya yi tsit.

Abin da ya fi ƙara masa daraja a idona, a ƙarshen 1989 da Babangida ya mayar da shi ma'aikatar cikin gida, ya ƙi karɓa, ya ajiye aiki a farkon 1990. Daga baya ya zama Ponzhi Tarok, sarkin mutanensa. Ya rasu a Disamban 2020.