Amsa ga mai pikap ɗin da birkinta ke nutsewa in ta yi zafi

Assalamu alaikum. Ƙanena, tun daren jiya na ga tambayarka, na bari sai da gari ya waye don amsar ba ta layi biyu ba ce. Ka ce pikap ɗinka mai gazuwal ce, okaziyo ka saye ta, kana ɗauko albasa daga wajen Tamaske da Keita zuwa Tahoua. Cikin wata biyar ka canza plaket na gaba, wato fatun birkin tayoyin gaba, sau uku. In ka sauko gangara da kaya sai fedar birki ta yi laushi ta tafi har ƙasa, in ka tsaya rabin awa ta dawo daram kamar ba ita ba. Ga sitiyari ya fara karkarwa in ka taka. Makaniki ya ce a canza metir-silinda, wato famfon da ke tura man birki zuwa tayoyi in ka taka feda, kana tambaya ko ka biya.

Kar ka biya tukuna. Na ga wani ya ce maka motar ce ba ta da kirki, wani ya ce plaket jabu ake ta sayar maka. Mai maganar jabu yana da rabin gaskiya, zan zo kanta. Amma ni zatona an bar jaki ana dukan taiki: birkinka na baya ba ya aiki, man birkinka kuma ya tsufa. Abin da ya sa na ce haka, ya taɓa samuna, a kan wannan hanyar da kake bi.

Shekara 16 ke nan ina tuƙin pikap, tun daga tsohuwar bashe har zuwa wadda nake riƙe da ita yanzu. Wata rana cikin watan Afirilu, rana ta take, na taso daga Keita da buhu 18 na albasa, yaron mota yana zaune bisa kaya. Mun hau dutsi lafiya. A gangara na ɗora ƙafa kan birki ina riƙe da ita kaɗan-kaɗan, irin yadda duk muke yi. Sai na fara jin ƙauri kamar an bar tukunya a wuta. Na ƙara takawa, feda ta tafi ƙasa sululu, kamar na taka soso. Gabana amalanken jaki ne da yara biyu a kai. Na famfa, na famfa, na samu ɗan riƙo, na cusa giya ta biyu inji ya yi kururuwa, na rinƙa jan birkin hannu a hankali ina sakewa, sannan na karkata cikin rairayin gefen hanya. Allah ya tsare. Da na sauko ƙafafuna ba su ɗauke ni ba, sai da na zauna a ƙasa.

Ga abin da nake so ka riƙe. Da hankalina ya dawo na tofa yawu kan ƙarfen tayar gaba, ya yi cuu ya bushe nan take. Na zagaya baya na kai hannu kusa da tambur, wato gangar ƙarfen da birkin baya ke ciki, sannan na ɗora tafina a kai. Ɗumi-ɗumi kawai, kamar kofin shayin da aka manta. Mota ɗauke da kusan tan biyu ta sauko dutsi, amma birkin baya ko gumi bai yi ba. Ashe tayoyin gaba biyu ne ke ta shan wahalar su kaɗai tun ba yau ba.

Wani dattijon makaniki a nan Tahoua ne ya warware mini. Bai ko buɗe bone ba. Tabarma ya shimfiɗa ya shiga ƙarƙashin motar ta baya, ya ce, "Zo nan ɗana, wa ya ƙara maka lam?" Lam su ne dogayen ƙarafan nan da aka jera bisa juna, masu ɗauke da nauyin bayan mota. Na ce ni na sa aka ƙara biyu kowane gefe don ta daina durƙusawa da kaya. Ya nuna mini wani ɗan ƙarfe maƙale da shasi, tiyon birki na shiga yana fita, da wata doguwar sanda siririya da ta haɗa shi da gadar baya, wato ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu. Shi ne makanikai ke kira korektar.

Aikinsa mai sauƙin ganewa ne. Yawancin pikap da ke yawo a nan, su Hilux, L200, D-Max, disk ne a gaba, wato faifan ƙarfen da plaket ke matsewa, tambur a baya. In bayan mota babu kaya, ba ya da nauyi, in aka ba shi cikakken ƙarfin birki sai tayoyin baya su kulle motar ta juya da kai. Shi ya sa a kan tsofaffin samfura, musamman waɗanda ba su da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, aka sa wannan korektar. In ka yi lodi, jikin mota ya sauko, sandar ta tura shi, sai ya buɗe wa man birki hanya zuwa baya da ƙarfi. In babu kaya sai ya rage. To kai da ka ƙara lam, mota ta ɗaga sama, ko ka loda mata buhu 20 ba ta saukowa yadda ta saba. Korektar yana ganin wayam take, sai ya ci gaba da hana baya ƙarfi. Duk zafin tsayar da wannan nauyi ya koma kan disk biyu na gaba. Wannan ne ke cinye maka plaket duk bayan sati shida. Ko da na asali ka saka haka za su ƙare.

Ka leƙa ƙarƙashin taka. Ban san ko ka ƙara lam ba, amma mai jigilar albasa da bai ƙara ba ban cika ganinsa ba. Wani lokaci ma ba lam ba ne, sandar ce ta karye a gargada, ko ƙura da tsatsa sun daskarar da abin. Gyaransa a daidaita sandar da sabon tsayin motar. Amma kar ka yarda wani ya ɗaure maka shi da waya a buɗe gaba ɗaya, ko ya cire shi ya haɗa tiyo kai tsaye. Na san masu yin haka. Da kaya za ka ji daɗi, ran da ka dawo wayam kan gudron bayan yayyafi ka taka birki da ƙarfi, sai ka ga kana kallon inda ka fito.

In an gama da korektar a cire tambur ɗin duka biyu. A duba ko garnitir, wato fatun birkin da ke cikin tambur, sun cinye, ko ɗan abin da ke matso da su kusa da tambur ya ƙafe da ƙasa. Alamar haka, birkin hannu sai ka ja shi har ƙarshe kafin ya riƙe. A duba kuma ko man gada na yoyo ta bakin taya yana jiƙa garnitir. In sun sha mai, wanki da esanse ba ya maganinsu, canzawa za a yi.

Sai maganar fedar da ke nutsewa, wannan man birki ne. Shi man nan yana shan danshi daga iska, haka halittarsa take. Man birki iri-iri ne: wanda ake kira DOT 3 in sabo ne ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, DOT 4 kuma 230. Amma in ruwa ya shige shi, ko bai cika kashi 4 cikin 100 ba, sai DOT 3 ya sauko wajen 140, DOT 4 wajen 155. Etiriye kuwa, wato ƙarfen da ke matse plaket kan disk, in ya sha gangara da lodi cikin zafin bazara, ana 40 da ɗoriya a inuwa, kai wa nan ba ya masa wuya. Da man ya tafasa sai tururi ya cika tiyo, shi kuwa tururi matsuwa yake yi, don haka ƙafarka ke tafiya banza. In ya huce tururin ya koma ruwa, feda ta dawo. Daidai abin da ka bayyana.

Wani zai ce ina Tahoua ina danshi. To ka tuna watan Agusta, ka tuna ƙoramun da muke ratsawa ruwa har ƙofa, da masu wankin mota da ke fesa ruwa cikin inji, da gorar man birki da aka buɗe tun bara tana bayan kujera ana ƙarawa daga cikinta. Masu ƙera motoci galibi cewa suke a canza shi duk shekara biyu. Mu kuwa ƙari kawai muka sani. Buɗe murfin ka duba, sabo kalar man gyaɗa gare shi, in naka ya koma kamar shayin farko, ya mutu. A zuƙe shi duka, a sa sabo daga gora rufaffiya, irin wanda aka rubuta a kan murfin. A fitar da iska taya bayan taya, a fara da wadda ta fi nisa da metir-silinda. Ka tsaya a kansu su fitar da ta korektar ma, a kan motoci da yawa yana da nasa ɗan bakin, yara a gareji mantawa suke yi da shi. Kuma ko a daji ka maƙale kar ka zuba man inji ko man sitiyari a ciki, kumbura robobin yake yi duka, nan ne za ka sayi metir-silinda na gaske. DOT 5 ma ka guje shi, na silikon ne, ba ya haɗuwa da waɗancan.

Shi metir-silinda gwada shi ba ya cin ko dala. Da safe, mota a sanyaye, ka tada inji ka taka birki da matsakaicin ƙarfi ka riƙe kamar minti ɗaya. In feda tana sulalewa ƙasa a hankali ƙarƙashin ƙafarka alhali ba yoyo a ko'ina, makanikinka ya yi gaskiya, robar ciki ta gaji. In ta tsaya cak, ka bar kuɗinka a aljihu. Lalataccen metir-silinda galibi ba ya jiran sai an yi gangara kafin ya nuna hali.

Karkarwar sitiyari disk ne. Sun sha wuta sau da yawa, fuskarsu ba ta zama daidai ba. Abin da ke ƙarasa su shi ne ka sauko dutsi suna ja-wur ka faɗa cikin ruwan ƙorama, ko ka tsaya ka danne birki a wuri ɗaya suna tsananin zafi. Ana iya kai su wajen mai turu, wato injin gogar ƙarfe, a goge, amma a jikin kowane disk an buga mafi ƙarancin kaurin da aka yarda da shi. In gogewar za ta kai shi ƙasa da wannan, sabo za ka saya. Siririn disk ya fi saurin ɗaukar zafi, ka koma gidan jiya.

Plaket jabu kuwa suna nan cike da kasuwa, ba musu. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kayan gyara suka ƙara tsada, kowa na neman sauƙi. Ni ma an taɓa sayar mini da wasu cikin kwali mai kyan gaske, kwana 20 fatar ta ɓalle daga jikin ƙarfen. Yanzu nakan juya su a hannu in duba inda fata ta haɗu da ƙarfe, in karce da makulli. In yana zubar da gari kamar gawayi, in mayar masa abinsa. In ka sa sababbi kar ka yi lodi ran nan, ka ɗan zagaya gari kana takawa a hankali su zauna kan disk.

Wasu sun shigo da nasu koken ƙarƙashin tambayarka, bari in taɓa su a gurguje. Mai cewa fedarsa ta yi tauri kamar dutse: motar gazuwal famfon iska ne ke taimakon serbo, wato abin da ke ƙara wa ƙafarka ƙarfi kan feda, a kan tsofaffi yana bayan altanato, ka duba shi da tiyonsa. Mai cewa tasa na ja gefe guda: fistan ɗin etiriye ɗaya ya ƙafe, ko tiyon roba ya toshe daga ciki. Shi kuwa Alhajin da ke cewa fedar sabuwar motarsa na bugun ƙafa a hanyar jan ƙasa, ranka ya daɗe ABS ne ke aikinsa, ba lalacewa ba ce, sai dai a kan tsakuwa da rairayi yana ƙara nisan tsayawa, a bar tazara.

Saura wadda ba za ka so ji ba. An ƙera motocin nan don kayan da bai wuce tan ɗaya ba ko kusa da haka, da kai da fasinja a ciki. Buhun albasa ya haura kilo 100, ka yi lissafin abin da kake ɗorawa. Ba zan ce ka dawo buhu tara ba, na san kuɗin gazuwal, ni ma ban dawo ba. Amma lam ɗin da muke ƙarawa bayan mota yake ɗagawa, bai ƙara wa disk faɗi ko kaɗan ba. In kuma ka sa manyan tayoyi ka ƙara rage wa birkin ƙarfi. Ni dai tun ran nan, kafin in fara gangara nake sa giya ta biyu tun daga sama, inji ya riƙe motar, birki in taka da ƙarfi in saki ya sha iska, ba in kwantar da ƙafa a kai ba. Masu kashe inji ko su sa mota a furi don tsimin mai, ba na shiga motarsu.

Tafiyarka ta gaba, in ka sauko dutsin ka samu wuri ka tsaya. Ka kai bayan hannunka kusa da tayar gaba, kar ka taɓa, sannan ka je ka ji tambur na baya, dama da hagu. Ka dawo ka gaya mini yadda ka same su, da adadin lam ɗin da ke kowane gefe. In ranar Lahadi kana cikin gari, bayan la'asar ina wajen tasha, ka kawo ta mu shiga ƙarƙashi tare.